Anti Laima, Wadda Ta Bi Rana Har Shagon Ƙanwata

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa asibiti, kullum ta Allah, jaka a kafaɗa, laima a buɗe, ko da hadari ko babu. Laimar nan ce ta cinye mata suna. Shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya, ashirin da biyu a ciki a ɗakin masu ciwon fata ta yi su, amma je ka tsaya a bakin ƙofa ka tambayi sunanta na yanka, ka gani ko za ka samu mutum biyu da za su faɗa maka. Kowa Anti Laima. Har likitan da take aiki da shi, wanda a haife ta haife shi, haka yake kiranta.

Da ta shigo, kafin ta ajiye jaka, sai ta ja bencin masu jira daga inda rana ke bugawa ta kai shi cikin inuwar baranda. Mai sharar wurin ta ce mini sun fi shekara biyar suna wannan dambarwa, ita ta mayar da benci mazauninsa da yamma, Anti Laima ta janye da safe, har dai mai sharar ta gaji ta sallama mata. Daga nan sai wanke hannu, sai jera katunan marasa lafiya, sai ta ɗora ƙaramin madubi a kan tebur, ta fito da alƙalaminta mai baƙar tawada, irin wanda ba ya gogewa. Sannan ta leƙa waje ta ce, "To, wa ya riga wa?"

Yawancin masu zama a bencin nan mata ne, kuma yawancinsu baƙin tabo ne ya kawo su. Wata ciki ne ya bar mata shi a kumatu, wata ƙuraje, wata kuma man kanti ne ya ƙona ta. Likita zai duba, in ya ga ya dace ya rubuta man da ke haska tabo, wanda ba a bayarwa sai da takardarsa. Nasa aikin minti biyar ne. Sauran aikin na Anti Laima ne, don babu wadda za ta fita da man nan ba ta zauna a kujerarta ba. Za ta karɓi kwalin ta rubuta a jikinsa ranar farawa da ranar dainawa, manyan baƙaƙe yadda ko mai ciwon ido zai gani. Za ta matso ɗan kaɗan a yatsanta ta nuna: kamar ƙwayar shinkafa biyu, lokacin kwanciya, a kan tabon kaɗai. Da safe a wanke, a shafa man kare rana tsawon yatsu biyu, a sake shafawa da azahar, a nemi hula mai faɗi ko laima. Kuma kullum da maganarta guda take rufewa: "Maganin nan da rana ba sa ga maciji. Shi yana tufka, ita tana warwara. In ba za ki tare rana ba, bar mini kayana a nan."

Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce. Malamar makaranta ce, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ya fi ƙafata sauri. Abin da ya haɗa ni da baiwar Allahn nan ƙanwata ce, Auta, kuma sai da na yi mata rashin kunya son raina kafin na san wace ce ita. Shi ya sa da na ji ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, na ce wallahi ba za ta tafi shiru ba.

Auta tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi. Bayan haihuwarta ta biyu sai baƙin tabo ya fito mata a kumatu biyu da goshi. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, amma mutane ba su bar ta ta huta ba. Wannan ta ce, "Sannu, wuta ce?" Waccan ta ce, "Ke kuwa me kike shafawa haka?" Ana nan wata mai kawo mata ɗinki ta kawo mata haɗin man shafawa a 'yar kwalba, ba suna, ba takarda. Mako biyu fuska ta yi fes, kowa yana yabo. Wata uku bayan nan fatar ta yi sirara har ana ganin jijiyoyi, ruwan wanka ma zafi yake mata, tabon kuma ya dawo ya fi na da baƙi. Auta da ke cika gida da dariya ta koma sa takunkumin fuska. In mata suka zo awo sai ta juya musu baya tana rubuta lamba. Da ta yaye yaron na ce, "Tashi, yau ko a bayana ne sai kin je asibiti."

Likita ya ce a jefar da haɗin, a bar fatar ta huta wata guda. Da muka koma ya rubuta nasa man, na mako goma sha biyu, ba ƙari ko kwana ɗaya. Aka tura mu kujerar Anti Laima. Ta yi bayaninta tsaf, sannan ta tambayi Auta, "'Yata, ina kike yini?"

Auta ta ce, "A shago, Anti. Cikin ɗaki nake, ni da rana sai a hanya."

Ni kuwa da ba a tambaye ni ba na cafe. Na ce, "Anti, don Allah, baƙar fata da man rana? Iyayenmu da kakanninmu a cikin rana suka tsufa, wa ya shafa musu?"

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Yaya, ke ce marar lafiyar ko ita?"

Na ce, "Ita ce."

Ta ce, "To kakanninki ba su shafa haɗin kwalba ba. Ki taya ni riƙe mata jaka."

Na riƙe jaka. Raina ya ɓaci, amma na riƙe.

Auta ta bi doka sau da ƙafa, wannan ni shaida ce. Mako huɗu goshi ya fara washewa. Mako takwas kuncin dama ya koma kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba. Amma na hagu yana nan daram, ko gezau. Abin ma sai ya fi muni a ido, don da can duka biyun ɗaya ne, yanzu kuwa rabin fuska ya warke rabi ya ƙi. Saura mako huɗu kwanan da aka rubuta a kwali ya cika.

Wata ranar Laraba na biya shagon bayan an tashi makaranta, ina neman almakashi a aljihun keken ɗinki, sai hannuna ya taɓo kwalba. Sabuwa fil, ko ledar bakinta ba a ɓare ba. Na ɗaga ta na ce, "Auta, mene ne wannan?"

Ba ta ko tsorata ba. Ta ce, "Yaya, na gaji. Ranar da kwanan nan ya cika, in hagun nan bai tafi ba, wallahi komawa zan yi. Aƙalla shi haɗin yana ba ni wata biyu ina kallon mutane."

Likita ya riga ya faɗa mana a fili cewa in fatar nan ta sake shan haɗi, baƙin da zai biyo baya ba lallai wani magani ya fitar da shi ba. Ita ma ta ji da kunnenta. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan: ta sani, kuma ta saya.

Washegari na ja ta muka dira a ɗakin Anti Laima, ni a gaba kamar zan ci babu. Na ce a ƙara mana kwali, ta riƙa shafawa safe da dare, a kuma ƙara mata wata biyu. Anti Laima ta ce a'a. Na ce ai ba daga gidanta za a ɗauko ba. Ta ce a'a. Na ce, "Ku dama ma'aikatan asibiti haka kuke, ba tausayi, sai doka. Yarinya tana neman halaka kanta kina lissafa mini kwanaki!" Mutanen baranda duk suka leƙo. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Anti Laima ta tashi. Ta ja kujera kusa da Auta, ta kama haɓarta da yatsu biyu, ta juya fuskar dama, ta juya hagu, ta sake juyawa. Ta ce, "Duka gefen biyu kike shafa wa daidai?"

"Daidai, Anti."

"Man ranar fa?"

"Kullum da safe kafin in fito."

"Na azahar?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ai ina cikin shago, Anti. Na ga kamar asara ce."

Anti Laima ta sake duba kuncin nan. Can ta ce, "Magani ɗaya, fuska ɗaya, hannu ɗaya. Akwai abin da hagu ke samu wanda dama ba ta samu. Kwatanta mini shagon naki." Ta yago takarda ta rubuta kwatancen, ta sa a aljihu. Ni na ɗauka korar mu ce cikin dabara.

Ranar Asabar, ranar hutunta, ƙarfe biyu na rana ina shagon ina taya Auta sa maɓalli, sai ga laima ta tsaya a ƙofa. Ta yi sallama ta shigo, cikin kayan gida, har na so in kasa gane ta. Muka rikice, Auta na neman inda za ta sa ta, ni ina neman inda zan sa fuskata. Ta ce, "Ku ci gaba da aikinku, zama na zo yi." Ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta karɓi ruwa, ta shiga hira: nawa yara, wane aji babbar take, ita ma a da ta so koyon keke amma ƙafarta ta ƙi jituwa da feda. Ko kalma ɗaya ta magani ba ta yi ba. Ni dai ina ta satar kallonta, ina cewa a raina matar nan lafiya kuwa?

Wajen ƙarfe uku saura sai rana ta karkato. Ta shigo ta gilashin taga, ta hau kan teburin keke, ta hau hannun Auta, ta haura ta kwanta a kuncinta na hagu, lif, kamar an auna. Auta na ta taka keke, ba ta ma san ana yi ba. Anti Laima ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Yaya, ga ɓarawon naku."

Sau nawa na zauna a shagon nan? Ya fi ɗari. Ban taɓa gani ba.

Ta tambayi Auta har ƙarfe nawa ranar ke zama a wurin. Auta ta ce sai bayan biyar. Ashe kusan awa uku kullum, shekara da shekaru. Ga dutsen guga shi ma a hagu aka ajiye shi, yana huro mata zafi. Takunkumin kuwa sai baƙuwa ta shigo take sa shi.

Anti Laima ta ce a juya keken. Nan Auta ta tubure. Ta ce, "Anti, wannan kam ba zai yiwu ba. Allurar keke a hagu take. Duk telan da ya san aikinsa taga a hagunsa yake sa ta, don haske ya faɗi a kan allura. Haka wadda ta koya mini ta zauna, haka ni ma na zauna. In na juya, inuwata za ta rufe ɗinkin, in ɗinke yatsana."

Na zaci za ta ce da ita to zaɓi, ko yatsa ko fuska, don ni abin da zan faɗa ke nan. Sai ta ce, "Kin fi ni sanin wannan. Tashi in zauna." Ta zauna a kujerar keke, ta leƙa allura, ta ce lallai da gaskiyarki. Suka shiga gwaji su biyu, a matsa nan, a karkata can. Ƙarshe aka tsaya a kan a mayar da keken jikin bangon ciki, inda rana ba ta kaiwa, a rataya labule mai kauri a rabin tagar, a ɗaura ƙaramar fitila a saman allura. Dutsen guga ya koma bayan ƙofa. Mu uku muka ɗauki keken nan, tsohon ƙarfe mai nauyin tsiya, matar da ta kusa sittin tana riƙe da gefe guda tana ce mini, "Yaya, ɗaga da hannu, ba da baki ba." Auta ta yi dariya har ta saki nata gefen. Rabon da in ji dariyar nan an fi shekara.

Kafin ta tafi ta karɓi wayar Auta ta sa mata ƙararrawa ta ƙarfe ɗaya da rabi, ta shafa man rana. Ni kuma bakina ya ƙi zama, na buɗe aljihun keke na nuna mata kwalbar, na ce ta tafi da ita. Ta duba, ta mayar inda take, ta rufe aljihun. Ta ce, "Ba zan ɗauka ba. Wadda aka ƙwace wa, wata take sayowa. 'Yata, saura mako huɗu. Ki ba ni su, abin da nake roƙo ke nan." Ranar Litinin ta kai wa likita labari, ya rubuta a kati.

Daga baya na gane ba a kanmu aka fara ba. Mai ba da magani na asibitin ya ce mini akwai wani mai ba da hannu a titi da ƙurajen aski suka bar wa tabo, Anti Laima ta rubuta wa shugabansa takarda da hannunta har aka yarda ya riƙa sa hula mai faɗi a bakin aiki. Ya ce kuma ya sha ganin mata masu gwala-gwalai sun zo suna so a ba su kwali biyar su shafe jiki duka, ta ce musu, "Wannan na tabo ne, Hajiya. Launin da kika zo duniya da shi ba ciwo ba ne, ba mu da maganinsa." Wasu su zage ta su tafi. Wasun su dawo bayan shekara da fuska a ƙone, ta karɓe su ba gori.

Mako huɗun nan ni na san yadda na yi su. Kullum in na biya shago sai na yi kamar ina neman zare, in leƙa aljihun keke. Kwalba tana nan, leda tana nan. Mako biyu hagu ya fara sakin jiki. Mako uku har maƙwabciyarta mai kitso ta lura.

Ranar da kwanan ya cika muka koma. Likita ya duba ya ce madalla, a tsaya. Amma bai tafi duka ba. Akwai saura kusa da kunne, kamar faɗin babban yatsa, duhu-duhu. Anti Laima ta miƙa wa Auta madubi, kuma ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce, "Wannan zai iya ƙara dushewa, zai iya zama. In kika yi sake da rana, sauran ma za su iya dawowa. Amma man nan yau kin gama da shi. In kika wuce, shi ma cuta zai zame miki."

Auta ta daɗe tana kallon madubin. Ni kuwa na san rantsuwar da ta yi, kuma ga hagu bai tafi duka ba. Ta ajiye madubi, ta buɗe jaka. Sai ga kwalbar, da ledarta yadda aka sayo ta. Ta ɗora a kan tebur ta ce, "Anti, a ina kuke zubar da irin wannan?"

Na fita baranda na yi kukana, ba na jin kunyar faɗa.

Anti Laima, ke nake wa magana yanzu. Ke ce kika sha zagina a gaban jama'a, kika kwana biyu, kika ɗauko ƙafa ranar hutunki kika zo shagon ƙanwata. Ke ce kika zauna a kujerar tela don ki ga abin da tela ke gani, ba ki ce ke kika yi karatu ba. Ke ce mai cewa a'a ba tare da ɗaga murya ba, kuma a'arki ta fi "to" ɗin mutane da yawa amfani. Inuwarki ba ta giginya ba ce, na kusa ya sha, na nesa ya sha. Na ba ki haƙuri a ofis kin ce kin manta, to ga shi ina sake bayarwa a gaban kowa. Ki yafe mini.

Ku kuma 'yan matan da za ku gaji kujerar nan, ba a ce dole sai kun bi kowa gida ba, kowa da ƙarfinsa. Amma in magani ya ƙi, kafin ku ce marar lafiya ce ba ta bin doka, ku ƙara tambaya ɗaya. Ku ji inda take zama, da abin da take yi da yininta. Mu kuma mata, don girman Allah, mu bar karɓar kwalba daga hannun ƙawa, mu bar ara wa juna man da likita ya rubuta wa mutum ɗaya. Wadda aka ba magani ta tare rana, ta tsaya ranar da aka ce ta tsaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, Anti, don in na fara a gabanki ba zan iya ƙarasawa ba. Mu shida mahaifiyarmu ta haifa, kuma duk cikinmu Auta kaɗai ce ta ɗauko fuskarta. Shekara tara ke nan da rasuwarta, hotonta guda ne a hannunmu, shi ma ya dushe. In kewa ta dame ni, shagon Auta nake zuwa in zauna in yi ta kallonta tana ɗinki, ita ba ta ma san dalili ba. Shekara biyu aka rufe mini fuskar nan, saura ƙiris in rasa ta gaba ɗaya. Jiya na je na zauna, ta ɗago kai daga keke ta ce, "Yaya, lafiya kike kallona haka?" Na ce lafiya lau.

Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya jiɓinci lamarin 'ya'yanki yadda kika jiɓinci na 'ya'yan mutane. Kin mayar mini da fuskar uwata. Na gode.